Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sabunta Jiragen Sama na Sintirin Teku

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a ɗauka cewa da zarar an sayo jirgi aiki ya ƙare. A shekarun 1980 rundunar sojan ruwan Nijeriya ta sayo jirage masu saukar ungulu guda uku ƙirar Lynx daga Ingila, amma daga bisani duk suka daina tashi. Maganin wannan yana cikin kwangilar saye tun farko: a sanya kayan gyara na shekaru da yawa, da horar da matuƙa da makanikai na gida, sannan a ware kuɗin mai da na kulawa a kasafin kowace shekara, domin jirgin da ke kwance a rumfa ba ya tsorata ɗan fashin teku.

Kuskure na biyu shi ne kowace hukuma ta riƙe wa kanta abin da ta gani. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 853, ikonta kan albarkatun teku kuma ya miƙe har mil 200 na ruwa. Shirin tsaron teku na Deep Blue da NIMASA, hukumar kula da sufuri da tsaron teku ta Nijeriya, ta ƙaddamar a 2021 ya zo da jiragen sama na sintiri biyu, da masu saukar ungulu uku, da marasa matuƙi huɗu, yayin da sojan ruwa ke da tsarin sa ido na Falcon Eye, sojan sama kuma ke da nasu jiragen sintiri ƙirar ATR 42. Idan hoton da jirgi ya ɗauka bai isa ga kwamandan jirgin ruwa mafi kusa ba cikin mintuna, to an ƙona mai a banza. Dole bayanan su haɗu a cibiya guda, kuma su riƙa tsallakawa zuwa Benin da Kamaru bisa yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan tsaron teku tsakanin ƙasashen yankin.

Wasu kuma suna dogara kacokan ga na'urar AIS da jiragen ruwa ke sanar da matsayinsu da ita, alhali ɓarayin ɗanyen mai da masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba kashe ta suke yi. Sai an haɗa da rada da kyamarar gani cikin duhu.

Abin da aka fi mantawa shi ne kotu. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 ta buɗe hanyar gurfanar da waɗanda aka kama, amma alƙali hujja yake nema, saboda haka kowane bidiyo ya ɗauki kwanan wata da lokaci da ainihin wurin da aka ɗauke shi, a kuma rubuta sunan duk jami'in da ya karɓe shi.