Mai son tara faifan rege, kada ka fara da na tsince-tsince

Jama'a, in kana son haɗa tarin rege na gaske, sayi kundin asali, ka bar wanda aka tsinto shahararrun waƙoƙi aka zuba wuri ɗaya.

Ga dalili. Legend, kundin tsince-tsince na Bob Marley da ya fito a 1984, waƙoƙi biyar a cikinsa daga kundinsa Exodus na 1977 aka ɗebo su. In kana da Legend, ranar da ka sayi Exodus, ka biya kuɗinsu sau biyu ke nan. Kuma kundin asali yana da tsari, waƙa na miƙa wa waƙa, abin da na tsince-tsince ba zai ba ka ba.

Fara da Catch a Fire na Bob Marley da ƙungiyarsa The Wailers, 1973, sannan Exodus. Ka ƙara da Marcus Garvey na Burning Spear, 1975, da Equal Rights na Peter Tosh, 1977.

Juya bayan kwalin ka duba wanda ya haɗa sautin. In ka ga Lee Perry da ɗakinsa na haɗa sauti, Black Ark, a Kingston babban birnin Jamaika, kada ka yi dogon ciniki. Can aka yi Heart of the Congos, kundin ƙungiyar The Congos, wanda a ganina ya fi ƙarfin a ce babu shi a tarinka.

Amma dabarar ba ta ci a waƙoƙin Jamaika na shekarun 1960. Yawancinsu ɗaiɗai suka fito a ƙananan faifai, don haka nan dole ka nemi na tsince-tsince. Haka in na saurare a mota kawai kake so, Legend ya ishe ka.