Darasi na 9: Ruwa Yana Bin Gishiri

Mutumin Sakkwato ba baƙon aikin fata ba ne. In an feɗe jar akuya aka barbaɗa wa fatar gishiri, kafin a jima sai ruwa ya fara tsattsafowa. Uwargida ma ta sani: ta yanka albasa ta sa gishiri, sai kwano ya yi ruwa. Daga ina ruwan nan?

Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk tarin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani siriri, shi ne mai gadinta. Iskar da muke shaƙa tana ratsa shi kai tsaye. Ruwa ma yana wucewa. Gishiri da sukari kuwa sai ta ƙofofinsu na musamman.

Ku riƙe wannan: ruwa yana ratsa tantani ne ya nufi gefen da gishiri ko sukari ya fi yawa. Shi ya sa waken da aka jiƙa yake kumbura. Shi ya sa kuma mai lambu a fadama in ya cika wa yabanya takin zamani sai ta yi yaushi, ya ce taki ya ƙone ta. Ruwan saiwar ne takin ya janye.

Inda ilimin nan ya fi amfani shi ne ranar da yaro ya kamu da gudawa. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana ta a 1960. In gishiri da sukarin sun shiga, ruwa sai ya bi bayansu zuwa jini. Ruwan gishiri da sukari ke nan.

Amma awo shi ne maganin. Wata uwar, don tausayi, takan ƙara sukari wai yaro ya ji daɗin sha. Sukarin nan sai ya janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Lemon kwalba ma haka yake yi.

In akwai ƙunshin ORS na asibiti, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, shi ya fi. A bi abin da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, ba tozo ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, ana ci gaba da ba shi nono. Abin da ya kai awa 24 a zubar. In idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashinsa, sai asibiti ba jira.

Aikin gida: ku yanka dankalin Turawa sala biyu, ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri. Bayan awa ɗaya ku lanƙwasa kowanne, ku rubuta wanda ya yi laushi.