Yadda za ka hana wayarka tona asirin inda kake

Wata ranar Litinin da dare kawuna yana shirin sammako daga Gusau zuwa kasuwar Talata Mafara, da kuɗin shanu biyu a jikinsa. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Kafin in yi masa sallama ya miƙo mini wayarsa, wai ta cika ta ƙi karɓar hoto. Ina cikin share tarkace na ce, "Kawu, imel ɗin nan da ke kan wayar, wa ya buɗe maka?" Ya ce yaron shagon da ya saye ta. Na ce lambar sirrin fa? Ya ce, "Tana wajen yaron mana, ni mi zan yi da ita?"

Ban ce yaron mugu ba ne, wataƙila ma ya manta da ita tuntuni. Amma duk wanda ke riƙe da wannan lambar zai iya zama a ɗakinsa, ya buɗe shafin Google na neman wayar da ta ɓata, ya ga kawu a taswira, ya ga ko ya wuce Bunguɗu ko yana Maru. Mutumin da ya ɓoye tafiyarsa ga maƙwabcinsa, ga shi ya bar mabuɗinta a hannun wanda ko sunan mahaifinsa bai sani ba.

Waya tana sanin inda take ta hanya uku. Akwai GPS, wato taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayar tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu ta lissafa inda take. Sauraro kawai take yi, ba ta mayar musu da komai, saboda haka tauraron bai san da zamanka ba. Manhajojin da ke cikin wayar ne ke karɓar lissafin su aika ta intanet. Akwai Wi-Fi da ke kewaye da kai. Sai kuma ƙarafunan sabis na MTN, Airtel, Glo da sauransu, kuma wannan ba ka da makunnin kashe shi. Matuƙar akwai layi a waya kuma tana kunne, kamfanin ya san wane ƙarfe kake kusa da shi, ko da ƙaramar waya ce mai madannai da tocila. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, layin nan da sunanka yake yawo. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan alaƙar sabis da tsaro ba, mun sha zaman watan Satumba na 2021 lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka datse sabis a faɗin jihar, mutane suna hawa mota har Funtuwa don kira ɗaya.

Wancan yana hannun kamfani da hukuma. Abin da ke hannunka shi ne sauran, kuma a ganina nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Mataki na farko: ƙwato imel ɗinka

Da shi za ka fara, don in ka bar shi duk gyaran da ka yi daga baya aikin baban giwa ne. Shiga setin na wayar, ka danna Google, ka shiga kula da asusunka, ka nemi inda aka rubuta Security. Canza lambar sirri. Kada ka sa lambar wayarka ko shekarar haihuwarka, su ne masu shago ke saka wa kowa, su ne kuma ake fara gwadawa.

A wannan shafin akwai jerin na'urorin da imel ɗinka yake buɗe a kai. Karanta shi a natse. In ka ga Infinix alhali Tecno gare ka, ko wata kwamfuta da ba ka taɓa zama gabanta ba, danna ta ka fitar da ita. Tsohuwar wayar da ka sayar a kasuwa ba ka goge ba ma a nan za ka same ta. Sannan ka duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye don dawo da asusu idan an manta lambar sirri. Idan lambar wani ce a wurin, to ko sau goma ka canza zai iya sake shiga, sai ka cire ka sa taka. Daga nan ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, yadda ko wani ya san lambar sirrin sai an nemi amincewar wayarka.

In ba ka iya karatun boko ba, ka sa ɗanka ko ƙaninka da ka yarda da shi ya yi a gabanka, a rubuta lambar a takarda ka adana a gida. Kawu a bayan littafin bashinsa ya sa aka rubuta masa.

Mataki na biyu: manhajojin da ka ba izini ba ka sani ba

Koma setin, ka shiga Location, ka nemi izinin manhajoji. Za ka ga an kasa su: masu ganin inda kake kowane lokaci, masu gani sai in ka buɗe su, da waɗanda aka hana. Rukunin farko ya kamata ya zama fayau, ko kusan haka. Taswira da manhajar lokutan salla da alƙibla suna da hujjar sanin garin da kake, amma a ba su izinin lokacin amfani kawai. Tocila, wasan yara, manhajar gyaran hoto, me ya haɗa su da inda ka kwana? Hana su. A wayoyi masu Android 12 zuwa sama akwai wani makunni na ainihin wuri. In ka kashe shi manhajar za ta san yankin da kake amma ba za ta iya nuna ƙofar gidanka ba, kuma wannan ya ishi lokutan salla.

Manhajojin ba da rance sai an yi musu karatun ta-natsu. Wasu sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin mutane su bi dangi da saƙon cin mutunci. Tun 2023 Google ya hana irinsu da ke rumbunsa na Play Store neman lambobin da ke waya, da hotuna, da ainihin wurin da mutum yake. In wata ta ce sai ka ba ta waɗannan, musamman wadda aka turo maka ta WhatsApp ko Xender, goge ta.

Mataki na uku: Google Maps

Buɗe shi, danna hotonka a sama. Abu biyu za ka duba. Timeline, wanda in yana kunne yake ajiye tarihin zirga-zirgarka rana bayan rana, masallacin da ka yi Juma'a da gidan da ka daɗe a ciki. Kashe shi, ka goge na baya. Sai Location sharing, inda za ka ga ko akwai wanda ake nuna wa wurinka kai tsaye. Minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarka "zai yi kira" ya kunna wannan ya sa sunansa.

Mataki na huɗu: WhatsApp

Danna ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Linked devices. Ana iya jona WhatsApp ɗinka da wasu na'urori har huɗu, kuma wanda ya jona yana karanta duk abin da ka rubuta, har da "gobe da asuba zan taso". Duk abin da ba ka gane ba, fitar da shi. A sashen sirri na setin ɗin WhatsApp akwai inda zai nuna maka ko kana aika wa wani wurinka kai tsaye. Sannan ka saka lambar kariya mai alƙaluma shida. Lambar da ake turowa ta tes kuwa, ko wanda ya kira ka ya ce daga ƙungiyarku ne ko daga ofishin tallafi, kada ka karanta masa.

Mataki na biyar: hoto, da kuma bakinka

Kyamarar waya tana iya manna wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi, a ɓoye cikin fayil ɗin. Shiga setin na kyamara ka kashe alamar wuri. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana share wannan bayanin, amma in ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, don kada ya dusashe, da bayaninsa yake tafiya.

Sai dai gaskiya, wanda ke neman sanin inda kake a garuruwanmu da wuya ya tsaya tonon fayil. Sitatus ɗinka yake kallo. "Kan hanyar Tsafe, a sa mu a addu'a", ga hoton cikin mota, ga lokaci a jiki. Ko bidiyon TikTok a ƙofar sabon gida, lambar mota tana haskawa, allon makarantar yara a bayanka. Kowa a nan ya san kalmar infoma, kuma infoma ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam, lambarka kawai yake buƙata a wayarsa, kai ma kana da tasa. Mutum nawa ke cikin wayarka? Ɗari biyar? Dubu? Nawa daga ciki za ka iya rantsewa a kansu? Taƙaita masu ganin sitatus zuwa waɗanda ka zaɓa da hannunka, akwai wannan zaɓin a sashen sirri. Hoton tafiya kuma ka riƙe shi sai ka dawo gida. Addu'ar da kake nema, ta mahaifiyarka da ka kira kafin ka fita ta wadatar. Haka hoton biki, da na sayen fili, da na saukar kaya a shago.

Mataki na shida: hannun da wayar ke shiga

Da yawanmu a shagon caji wayarmu ke yini saboda rashin wuta. Sa mata makulli na lambobi shida, zane a fuskar waya yana barin sawun yatsa kuma na gefe yana iya haddace shi da kallo ɗaya. Kashe ta kafin ka miƙa. Wajen mai gyara, in aikin bai buƙaci a buɗe ta ba, kamar canjin wurin caji, kada ka ba da lambar. In dole ne, ka tsaya a kai.

Akwai manhajojin leƙen asiri da ake sakawa a ɓoye, su canza suna su yi kama da kayan wayar. Galibi wanda ya samu wayar a hannunsa a buɗe ne ke saka su, kuma sau da yawa na gida ne: miji, mata, saurayi mai zargi. Alamominsu batir ya riƙa zuba ba dalili, data ta ƙare da wuri, waya ta yi zafi tana ajiye, ko da yake tsohon batir ma yana yin haka, kada ka tayar da rigima a gida kan wannan kaɗai. Buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika. A setin na wayar, duba Accessibility da jerin manhajojin da aka ba ikon shugabancin waya, ka ga ko akwai baƙo. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kwashe hotunanka da lambobinka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ka sake canza lambar sirrin imel. Mace da ke tsoron wanda ya saka mata, ta fara shawara da wani babba nata kafin ta goge, domin zai lura an cire. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da hukumarta, NDPC.

Wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana cewa ka danna *#21# ka ga ko ana bibiyarka. Ba abin da yake nunawa ke nan ba. Yana nuna ko an karkatar da kiranka zuwa wani layi ne, kuma ##002# yana soke karkatarwar. Haka masu tallar cewa ka turo lambar mutum da dubu biyar su gano maka inda yake: kuɗinka suke so, ko su ba ka wani mahaɗi da za ka tura masa, wanda sai ya danna ya amince kafin ya nuna komai. Kai ma in aka turo maka irin wannan mahaɗin, na tallafi ko na kyautar data, shafin ya ce yana son sanin wurinka, ka ce a'a.

Abin da za ka bari a kunne

Kada ka kashe hidimar Google ta neman wayar da ta ɓata. Yanzu da imel ɗin ya dawo hannunka, kai take yi wa aiki: in an zare maka waya a tasha za ka iya ganin inda take, ka kulle ta ko ka goge ta daga nesa, matuƙar tana da data kuma lokeshan ɗinta na kunne. Danna *#06# ka kwafe lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 a takarda, 'yan sanda za su tambaye ka ita. Kuma in ka ga wayar a taswira kada ka ɗauki ƙafa ka bi ta kai kaɗai.

In za ka hau doguwar hanya, zaɓi mutum ɗaya, ka tura masa wurinka kai tsaye ta WhatsApp a hirarku ku biyu, ba a zauren dangi ba. Yana ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, sannan ya mutu da kansa. Ka gaya masa tun kafin ka tashi cewa akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya, kuma a nan ɗigon zai tsaya cak kamar motar ta tsaya. Ban yi wa matar kawu wannan bayanin ba, sai ga ta ta aiko yaro a guje da hantsi, wai in zo, Malam ya fi rabin awa a wuri ɗaya bayan Maru. Kafin in sa takalmi ya kira daga kara, yana tambayar ko a taho mata da manja.