Babi na 7: Awon cajin batir a sabbin motocin a-kori-kura masu batir biyu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wanga babi na direbobi ne da yaran gareji da masu wayarin, har da wanda shi dai mota gare shi yana son ya daina sayen batir ba gaira ba dalili. Kowa ya ɗauko mitarsa ta awon wutar lantarki ya aje gabansa kafin mu fara, wanda bai da ita ya matso kusa da mai ita, don wanga karatu da hannu ake yinsa.

Darasi na 1: Wace irin mota ake magana

Motocin da muka saba da su nan Birnin Kebbi da Jega da Argungu batir ɗaya gare su mai bolt 12, altaneto ke caja shi. Amma yanzu akwai waɗanda ake kira ƙaramin haibirid, su batir biyu gare su. Na farko shi ne mai bolt 12 da kuka sani, na biyu ƙarami ne na litiyam mai bolt 48 wanda ba ku ganinsa in kun buɗe bonet. Ram 1500 ta Amurka ta fara zuwa da shi a samfurin 2019, suna ce mai eTorque, batir ɗin yana jikin bango bayan kujerar baya. Toyota ma ta fito da Hilux mai injin dizal 2.8 da bolt 48 a 2024, ita nata yana ƙarƙashin kujerar baya. To kar wani ya tafi ya ce malam ya ce duk Hilux haibirid ce, a'a, mafi yawan waɗanda ke yawo a titunanmu tsohon tsari ne.

Irin waɗannan motoci ba su da altaneto irin na da. Wurinsa an sa wata na'ura mai fambel wadda ke caja batir mai 48, sannan wani akwati ya rage wutar ya ba batir mai 12. Iyakar abin da nake so ku riƙe ke nan. Mu batir mai 12 za mu auna, shi kaɗai.

Darasi na 2: Saita mita

Nan ne ake faɗuwa, shi ya sa za mu daɗe a nan, kowa ya yi haƙuri.

Dubi mitarka. A ƙasa akwai ramuka uku. Baƙar waya ta shiga ramin da aka rubuta COM, haruffa uku ne, C da O da M. Jar waya ta shiga ramin da ke da harafin V. V shi ne mai kama da yatsu biyu a buɗe suna kallon sama, shi ne alamar bolt. Akwai rami na uku da aka rubuta 10A, kada jar waya ta shiga nan. In ta shiga ka taɓa batir da ita, tartsatsi za ka gani, wayar ta yi zafi ko mitar ta ƙone.

Yanzu abin murɗawa na tsakiya. In ka duba da kyau V biyu ne a jikin mita. Ɗaya kusa da shi akwai layi mai lanƙwasa, wannan na wutar gida ne, ba ruwanmu da shi. Ɗayan kusa da shi akwai layi miƙaƙƙe da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa, wasu mitocin kuma sun rubuta DCV. Wannan ne namu. A ɓangarensa za ka ga lambobi, 200m, 2000m, 20, 200, 1000. Murɗa bakin kibiyar ya tsaya daidai kan 20. Biyu da sifili ɗaya, ba wani harafi a bayansa.

Mu sake. V mai layi miƙaƙƙe, lamba 20.

Yanzu murɗa ta koma kan OFF, ka sake nemo wurin da kanka ba tare da ka leƙa ta maƙwabcinka ba. Ka samu? Madalla. Ba ka samu ba? Ba komi, ba wanda aka haifa da iyawa, akwai dattawan da suka shekara da shekaru suna tuƙi ba su taɓa riƙe mita ba kuma yanzu sun iya. Sa yatsa kan V, bi da yatsan ka ga layin miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, in miƙaƙƙe ne sauko ka nemi 20. Yi haka sau biyar kafin ka wuce layin nan.

Ga yadda za ka gane ka yi kuskure. In ka taɓa batir ka ga lamba 1 ita kaɗai ta maƙale a gefen hagu na gilashin, kana kan 2000m ne ko 200m, koma kan 20. In ka ga sifili ko wata lambar banza da ba ta yi kama da 12 ba, to kana kan V mai lanƙwasa, koma kan mai layi miƙaƙƙe, lamba 20. In kuma ka ga ɗan layi a gaban lambar kamar haka -12.6, wayoyin ka juya, ba abin da ya lalace, ja ta koma kan dalmar batir mai alamar +, baƙa kan mai alamar -.

Sai ɗigo. 12.6 ba ɗari da ashirin da shida ba ne. Sha biyu ne, ɗigo, shida. Faɗe shi da baki a ji.

Darasi na 3: Mota a kashe

Kafin komi, mita tana ina? V mai layi miƙaƙƙe, lamba 20. Duba da idonka, kar ka ce ai ɗazu na saita, yaro na iya murɗa ta.

An fi son a auna da safe bayan mota ta kwana, don in yanzu aka kashe ta lambar takan nuna sama da gaskiyarta. Ja kan +, baƙa kan -, ka danna bakin ƙarfen ya taɓa dalmar sosai, in akwai farin gari-gari a kan batir ɗin ka kankare shi tukuna.

12.6 zuwa 12.8, batir a cike yake.
12.4, ya ɗan sauka amma da sauransa.
12.2, kusan rabi.
12.0 ko ƙasa, ya yi ƙasa ƙwarai, a kai shi caji.

Kwafe waɗannan layuka huɗu a littafinka da hannunka.

Darasi na 4: Mota a kunne

Ta da mota, bar ta a silo, ka kiyayi hannun rigarka da fambel, masu babbar riga a cire ta a aje gefe. Mita kan V mai layi miƙaƙƙe, 20.

A tsohuwar mota lambar takan zauna wajen 13.8 zuwa 14.4 ba ta cika motsi ba, shi ne abin da kowane mai wayarin ya haddace kuma gaskiyarsa ne. To a sabbin nan abin ya canza. Akwai ɗan sensa a kan batir ɓangaren -, shi ke gaya ma birenbos, wato kwamfutar da ke cikin mota, yawan cajin da ke ciki da zafin batir, birenbos kuma ya ƙara wuta ko ya rage. Kamar mai ban ruwa ne a fadamar shinkafa, kwamin da ya bushe ya buɗe mai ruwa sosai, wanda ya cika ya toshe. Saboda haka za ka iya ganin 14.5 ko kusan 15 bayan an ta da mota da sanyin safiya lokacin hunturu, can an jima batir ya cika ka ga ta sauko 13 ko ma 12 da wani abu, musamman a zafin watan huɗu, don da gangan ake rage ma batir mai zafi wuta kar ya dahu. Duk wannan lafiya ne.

Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya ga 12.8 mota na kunne, ko sake duba mitar bai yi ba, sai ya ce ma mai mota ba ta caji, a kwance wancan a sayo wancan. Haba jama'a. Dukiyar mutane ce fa, kuma kayan motocin nan ba arha gare su ba, ba kuma ko'ina ake samunsu ba. Wani ma in ka karɓi mitar ka duba sai ka tarar kan V mai lanƙwasa take, bayan duk bakin da muka ɓata a darasi na 2. Wanda ya san bai iya saitawa ba ya koma baya, ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka yanke hukunci da mitar da ba ka saita ba.

In kana shakka, kunna manyan fitilu da fanka da esi, ka tsaya kana kallon mita kamar minti biyar. In lambar ta tsaya ko ta hau sama da 13, caji na tafiya. In kuwa tana ta gangarowa 12.3, 12.2, 12.0 ba ta tsayawa, ko fitilar hoton batir ta kama a dashbod, akwai matsala. Haka in ta haura 15 da yawa ta ƙi saukowa, batir ya yi zafi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kashe motar nan take. A kai ta wajen mai kwamfutar duba mota.

Darasi na 5: Jona batir da caji

In mota ta ƙi tashi, batir mai 12 ake jonawa, da wani mai 12 ɗan uwansa. In za ka sa caja batir na jikin mota, maƙala baƙar a jikin ƙarfen mota, kar ka maƙala ta kan dalmar - kai tsaye, don sensa ya san abin da ya shiga. Da yawan motocin nan batir mai rubutun AGM suke zuwa da shi, in za a canza a nemo irinsa.

Darasi na 6: Batir mai bolt 48

Kar ka buɗe shi, kar ka jona shi, kar ka sa mai caja, kar a watsa mai ruwa wajen wankin mota. Aikin wanda ya koya ne.

Aikin gida: auna batir ɗin kowace mota ka samu, a kashe da a kunne, rubuta lambobin biyu da ɗigonsu ka zo da su ranar Asabar. A saman takardar ka rubuta inda ka saita mitar.