Abu uku kafin a kwanta

Jama'a, ga wata dabara ga wanda yake jin kwanakinsa duk sun zama iri ɗaya, ba wani abin murna a ciki.

A ajiye ƙaramin littafi da biro kusa da shimfiɗa. Bayan sallar isha'i, kafin a ɗauki waya, a rubuta abubuwa uku da suka yi daɗi a wunin, kowanne da dalilin faruwarsa. Minti biyar sun isa. Masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa gwajin wannan a 2005, inda waɗanda suka yi na mako guda aka same su da ƙarin walwala har bayan wata shida.

Inda ake yin kuskure shi ne rubuta manyan abubuwa kawai, "lafiya", "iyali". Alhamdulillahi kam, amma bayan kwana uku sai a riƙa maimaita su ba tare da zuciya ta motsa ba. A sauko kan ƙananan abubuwa. Wuta ta dawo daidai lokacin da cajin waya ya rage kashi biyu. Mai ƙosai ta ƙara gyara guda biyu. Ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Kada a tsallake dalilin, domin nan ne mutum zai lura cewa miyar da maƙwabciya ta aiko ba daga sama ta faɗo ba, gaisuwar jiya ce.

Ranar da ta yi zafi, ko ɗaya aka samu ya wadatar. Amma idan ƙunci ya wuce mako biyu, barci da cin abinci suka rikice, to a je a ga likita.