Yadda Ake Ƙiyasta Haƙar Ma'adinai Daga Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ke zaune a Kumasi, ko a Aboabo yake ko a Sabon Zongo, ya san wani da abincinsa ke rataye da ma'adinai: mai sayen zinare, direban babbar mota, ko ɗan kasuwar da ke kai man dizal da kayan gyaran inji Obuasi da Dunkwa. Irin waɗannan mutane da labarin baki suke aiki, kuma labarin baki yakan iso bayan farashi ya riga ya motsa. Hotunan tauraron ɗan'adam suna rage wannan jira, muddin mai duba su ya riƙe abu guda: hoton yana nuna ƙasar da aka tone ne, ba ya nuna zinaren da aka fitar daga cikinta.

Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta, intanet da haƙuri. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar kowane wuri kusan duk kwana biyar, kuma kowane ɗigo a hotonsu yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Ana samun hotunan kyauta a shafin intanet na Copernicus Browser. Wanda ke son tarihi mai nisa sai ya koma ga Landsat na Amurka, wanda ya fara aiki a 1972, aka kuma buɗe taskarsa ga kowa a 2008, sai dai ɗigonsa mita 30 ne, don haka ƙananan ramuka sukan ɓace masa. Manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, ta isa wajen zana iyaka da auna fili.

Kafin a sauke hoto ko ɗaya, a tantance irin mahaƙar da za a duba, domin a nan masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Mahaƙar Tarkwa buɗaɗɗen rami ce, ana ganin faɗaɗarta da tudun duwatsun da aka zubar. Ta Obuasi, wadda aka fara aiki a cikinta a 1897, a ƙarƙashin ƙasa take, saboda haka daga sama ba a ganin komai sai gine-gine, hanyoyi da madatsar da ake tara taɓon da ya rage bayan an tace zinare. A irin wannan wuri girman madatsar ne ma'auni, shi ma mai rauni. Galamsey kuwa, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya fi kowanne bayyana: ramuka cike da ruwa mai launin koko da madara, jere a gefen kogunan Offin, Pra, Ankobra da Birim.

Sai zaɓen lokaci. Kudancin Gana yanki ne na gajimare, kuma daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, da wuya a sami hoto mai tsabta. Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa, ko da yake hazon hunturu yakan dusashe launi. A ɗauki hotuna na wata ɗaya a shekaru daban-daban, misali Janairun bara da Janairun bana, domin idan aka gwama hoton damina da na rani za a ɗauki bushewar ciyawa a matsayin sabuwar haƙa. Idan gajimare ya ƙi wucewa, Sentinel-1 yana aiki da rada, wadda ke ratsa gajimare dare da rana, kuma ruwan ramuka yana fitowa baƙi a hotonta.

Da hotuna biyu a hannu, a zana iyakar wurin da aka tone a kowanne, a cire na farko daga na biyu. Ɗigo 100 na Sentinel-2 hekta ɗaya ne. Akwai ma'aunin ɗanyen ganye da ake kira NDVI, wanda ke gwama jan haske da hasken da ido ba ya gani, kuma yana sauƙaƙa raba gonar koko da tsirarar ƙasa. Amma kada a miƙa masa wuya gaba ɗaya, domin sabuwar unguwa, wurin fasa dutse da gonar da aka share duk kama ɗaya suke yi masa da mahaƙa. Idon mutum da tsofaffin hotunan Google Earth su ne ke raba gardama.

Lissafin da ke biye shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne mafi saurin yaudara. A ɗauka, don misali kawai, an tone hekta ɗaya zuwa zurfin mita 5. Wannan ya ba da mita dunƙule (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi) 50,000 na ƙasa, wato kimanin tan 100,000 idan kowace mita dunƙule ta yi tan biyu. Idan kowane tan yana ɗauke da rabin giram na zinare, akwai kilo 50 a wurin, idan kuma injin wankin ya kama rabi ne kawai, an fitar da kilo 25. A mayar da rabin giram ɗin zuwa giram 0.2, sai adadin ya faɗo zuwa kilo 10 ba tare da hoton ya canza ko kaɗan ba. Ga kuma ƙasar sama da ake kwashewa a zubar, wadda ba ta da zinare. Shi ya sa ba a bayar da adadi guda, ana cewa ne tsakanin kaza da kaza. Ga manyan kamfanoni, a gwada hanyar a kan shekarun da suka wuce ta amfani da rahotannin da suke wallafawa da alƙaluman Hukumar Ma'adinai ta Gana. Idan ƙiyasin bai kusanci abin da aka sani ba, babu dalilin yarda da shi a kan abin da ba a sani ba.

A ganina hanyar ta fi amfani ga ma'adinai masu nauyi. Zinaren wata guda yana iya shiga akwati, amma manganis na Nsuta da boksit na Awaso sai an tara su tuli, an ɗora a manyan motoci ko jirgin ƙasa, an kai tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Tulin da ke ƙaruwa a bakin mahaƙa yayin da na tashar ke raguwa alama ce cewa matsalar a hanya take. Tulin da ke ƙaruwa a tashar babu jirgin ruwa a gefensa yana nuna cikas a wajen masu saye ko wajen lodi.

Haɗarin yankewar kaya ba a cikin rami kaɗai yake ba. A duba ko ruwa ya cika ramin bayan damina, ko madatsar taɓo ta matso kusa da ƙauye, ko kogin da garuruwa ke sha ya canza launi, domin gurɓacewar ruwa ce takan jawo matakin gwamnati, kamar haramcin ƙananan haƙa na 2017 wanda aka ɗage a ƙarshen 2018. A kuma bi dokokin ciniki, tunda daga 2025 GoldBod, hukumar zinare ta gwamnatin Gana, ce ke kula da sayen zinaren ƙananan masu haƙa, abin da babu tauraron da zai nuna. Idan an ga canji a hoto, a rubuta ranar hoton da girman filin, sannan a kira direba ko ɗan kasuwar da ya bi hanyar a makon, a tambaye shi abin da ya gani.