Wutar Gas Ta Koma Rawaya? Ga Dalili da Yadda Ake Gyara Ta

Lafiyayyen harshen wutar gas shuɗi ne, a tsaye yake ba ya rawa, da ɗan tsini mai haske a cikinsa. Ana samun haka ne idan gas ya gauraya da isasshiyar iska kafin ya kama. Zafinsa kan kai wajen digiri 1,900 a ma'aunin Celsius, kuma gutsattsarin kabon da haidurojin da ke tsakiyar ƙonewa su ne ke ba da shuɗin. Gas ɗin girki akwai cin iska: cikin nau'o'insa biyu, awo ɗaya na furofen sai da awo kusan 24 na iska, butan kuwa wajen 31.

In iska ta gaza, kabon ba ya ƙonewa duka. Sai ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyin baƙi, su ɗau zafi su riƙa haske kamar ƙarfe a maƙera. Rawayar kyandir da ta fitilar kananzir ke nan. A murhu kuwa asara ce tsagwaronta: gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, girki ya daɗe, gas ya ƙare da wuri. Abin tsoron ma shi ne kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki.

Sai dai ba kowace rawaya ce matsala ba. Miya ta zubo, ko gishiri ya faɗa a wuta, nan take za ka ga ruwan lemo ya tashi. Sinadarin sodiyam ne, wanda in ya ji zafi yake fitar da haskensa na kansa. Kanwa ma haka take yi. Ƙurar hunturu kan sa wuta ta riƙa walƙiyar ruwan lemo alhali murhun lafiya lau yake. Don ka bambance, riƙe cokali mai sanyi a saman harshen wutar na daƙiƙa biyar. Ya yi baƙi, ƙarancin iska ne. Ya fito fes, ƙura ce ko gishiri, ƙyale shi.

In ya yi baƙi, rufe gas daga tukunyarsa, ka bar murhun ya huce. Cire kan murhun da murfinsa, jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu na minti 20 zuwa 30, sannan ka goge ƙofofin da tsohon buroshin haƙori. A ƙasa za ka ga ɗan ƙaramin bakin tagulla da gas ke fitowa ta cikinsa. Zura siririyar waya a hankali ka fitar da dattin. Kada ka sa tsinken sakace, karyewa yake yi a ciki. Kada kuma ka buɗa ramin da allura mai kauri. Da ya faɗaɗa gas zai fi ƙarfin iska, rawayar ta zauna daram, sai an sake bakin.

Bari komai ya bushe sarai, ka mayar da murfin ya zauna daidai, don karkacewarsa kaɗai kan ɓata wuta. Wasu murhuna suna da zobe ko ɗan marfi a kan bututun da ke kai gas, nan iska ke shiga. Kunna wutar, sassauta kusar da ke riƙe shi, ka buɗe shi kaɗan-kaɗan har rawayar ta ɓace. In wutar ta fara huci tana ɗagewa daga kan murhun, iska ta yi yawa, rage ta ka ɗaure.

Kore-kore jefi-jefi daga jan ƙarfen da ke cikin tagulla yake, ba abin damuwa ba ne. Amma in duk kawunan murhun sun yi rawaya a tare, a zargi rigileta, wato na'urar da ke kan tukunyar gas tana rage ƙarfinsa. Ta gida kusan miliba 30 take bayarwa a ma'aunin ƙarfin gas, kuma ba a kwance ta a gyara, sabuwa ake sawa. Bayan an sa, shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo; kumfa ta taso, gas na zuba, rufe tukunyar ka sake ɗaurewa.